Wanki Huɗu a Kan Sanƙo Ɗaya

Ya ke Daw Ohn Kyi,

Ki taimake ni da shawara kafin bikin Thingyan na sabuwar shekara ya zo, don tun yanzu gabana faɗuwa yake idan na ji ƙarar bokiti.

Ni tsoho ne, na haura saba'in, da can jirgin fito nake tuƙawa a kogin Chindwin. 'Ya'yana huɗu, duk suna nan garin Monywa, duk kuma masu biyayya. Biyayyar ce ma take neman halaka ni. Kin san ranar sabuwar shekara 'ya'ya kan wanke wa iyaye kai da ruwan sassaƙe, su yanke musu farce, su sami lada. Da can tare suke zuwa, a yi wanki ɗaya, a ci abinci a watse. To, shekara uku ke nan mahaifiyarsu ta rasu, 'yan kwanaki bayan bikin. Likita ya ce zuciya ce, amma wa ya saurari likita? Babbarsu, Khin Htwe, ta ce ƙanenta Soe Paing ne ya kawo ruwa mai sanyi. Shi kuma ya ce ita ta murji kan tsohuwa kamar mai wanke tukunya. Ƙananan biyun kowa ya bi ɓangare, daga baya su ma suka ɓata, har yau ban san dalili ba.

Tun daga nan kowa shi kaɗai yake zuwa da bokitinsa, don ya nuna ba hannunsa ne mai kisa ba. Kan kuwa ɗaya ne, shi ma sanƙo. Kowa ya shigo sai ya ce, "Baba, ni na fara zuwa ko?" In na ce a'a, ransa ya ɓaci, wai ragowar lada aka bar masa. Sai in ce e. Yana fita in goge kai maza, in shafa man kwakwa da 'yar toka don ya yi kamar bai ga ruwa ba. A ranar da kowa yake tsare bakinsa daga ƙarya, ni uku nake shirgawa kafin cin abincin rana.

Ga batun farce. Khin Htwe ba ta barin ko ɗan ƙiris. Shekaran bara Soe Paing ya zo bai sami abin yanka ba, ya yi ta lalube har ya taɓa nama. Da ya ga jini ya fashe da kuka, ni na koma rarrashinsa. Shi ya sa bana na bar faratan suna ta tsawo don su ishi kowa. Yanzu cin shinkafa da hannu ya gagare ni, ɗaurin zane ma sai maƙwabcina ya taimaka, kaza kuwa in ta ga ƙafata sai ta ja da baya.

Bara gudu na yi gidan ibada, na ce zan ƙare bikin cikin azumi da tunani. Babban malaminmu ya ji daɗi, ya sanar a lasifika cewa ga dattijo nan ga mai neman lada. Samarin unguwa suka wanke ni, 'ya'yana suka ji sanarwa suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Wanki biyar. Mura ta kama ni a tsakiyar bazara, atishawa ma a cikin matashi nake yi, kada a fara neman wanda ya kashe Baba.

Ba na so in hana su lada, ba kuma na so in kunyata kowa. So nake kawai in gan su su huɗu a kan tabarma ɗaya. Suna zuwa, amma kewarsu nake yi. Yaya zan yi?

Tsoho mai jiƙaƙƙen kai, Monywa

Baba,

Na yi dariya da na karanta wasiƙarka. Da farko dai yau ɗin nan ka sa a rage maka faratan nan, kafin ka tsone wa kanka ido.

Kada ka ga laifin 'ya'yanka da yawa. Ba lada kaɗai suke nema ba. Kowannensu yana tsoron ko da gaske shi ne sanadin rasuwar uwarsu, shi ya sa yake jefa wa ɗan'uwansa laifin, ya kuma zo ya wanke kansa a kanka. Amma kai ma da naka. Toka da man kwakwan nan su suke ciyar da rigimar, domin muddin kowa zai iya samun ka shi kaɗai, ba abin da zai sa ya haɗa ido da ɗan'uwansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kai kuwa ka sani, kasko kawai kake tarawa.

Ka aika musu saƙo ɗaya, kalmomi iri ɗaya: bana wanki ɗaya ne, bokiti ɗaya, da safe, wanda ya makara ya jira baɗi. Ba hana lada ba ne wannan, ladan da aka yi tarayya a kai ba ya raguwa. Farce kuwa rabonsa ya zo da sauƙi, hannu biyu, ƙafa biyu, 'ya'ya huɗu. In sun yi gardamar wa zai ɗauki ƙafa, a yi ƙuri'a. Ka roƙi babban malaminku ya zo ya zauna, amma ya bar lasifikarsa a gida. Kafin a zuba ruwa, ka faɗa musu da bakinka abin da likita ya ce, ka kuma faɗa musu kana kewarsu. Mai yiwuwa wani ya yi fushi ya ƙi zuwa. Ka bar masa gurbinsa a tabarma, kada ka bi shi da rarrashi.

In sun tsaya taurin kai, ka tuna musu cewa ranar da za su haɗu su wanke ka tare tana nan tafe, ko sun so ko sun ƙi. Gara su fara tun kana iya ce musu ruwan ya yi sanyi.

Ina yi maka fatan lafiya da tsawon rai, da sabuwar shekara mai sanyin zuciya da busasshen kai.

Daw Ohn Kyi