Jar Masarar Baba

Kamazou, Kaduna
11 ga Yuni, 2002

Zuwa ga yayana Matthew,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Celina da yara, ya kuma tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, ka ga ta warke ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jar masarar nan da Baba ya gada wurin Kaka, wadda yake ratayewa saman murhu kowace shekara don iri. Ka san dokarsa: ranar da shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, washegari zai shuka, ko wa ya mutu. Shekara arba'in shinge bai taɓa ba shi kunya ba. Bana ya fito, Baba ya shuka, sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, tsiron ya ƙone ƙurmus. Da aka sake ruwa ya sake shukawa. Yaya, ban taɓa ganin ruwa irin wanda ya biyo baya ba. Da rana tsaka gari ya yi duhu har kaji suka shige akurki, rafin nan da muke tsallakewa da ƙafa ya zama kogi, ya tafi da shukar har da ƙasarta. Na tsaya bakin ƙofa ko addu'a na kasa yi. Irin da ya rage bai cika gwangwanin madara biyu ba.

Tun da farar hula suka dawo taro ba ya mana wuya, sai kansila ya tara mu a firamare, ya zo da malamin gona, wani Malam Sani. Shi ya ce mana yanayin duniya ne gaba ɗaya yake sauyawa. Wai hayaƙin masana'antu na ƙasashen da ba za mu taɓa takawa ba, da wutar gas ɗin da kake ba mu labari tana ci ba dare ba rana a wajenku, da sare itatuwa, duk sama ɗaya suke taruwa. Yana ambaton itatuwa aka juyo ana kallona, saboda gawayin da nake sayarwa a Sabon Tasha. Ka san ni. Na miƙe na ce a sauko da farashin kananzir in daina sayar da gawayi gobe, kuma masu hararata da gawayina suka dafa abincin da ke cikinsu. Tagwai, mai kawo mini gawayin, ya ce shi ma manomi ne a can arewa, sai da rairayi ya binne gonarsa ya ɗauki gatari. Kansila ya ce akwai sabon iri mai nuna da wuri, amma yana jiran jiha, jiha tana jiran Abuja, wataƙila sai Agusta. Na dawo gida ina ta juya maganar. Ashe murhuna da gonar Baba da turawan ƙetare igiya ɗaya ta ɗaure mu, ga shi babu wanda za ka kama ka ce shi ne. Abin ya fi ƙarfin kaina.

Malam Sani ya gaya wa Baba cewa masararsa wata huɗu take so, kuma ba wanda zai yi masa alkawarin wata huɗu. Jiya Baba ya zube irin a faifai ya raba biyu. Rabi ya shuka yau da safe, bai jira alamar komai ba. Rabin kuma shi ne a ƙullin da direba zai ba ka tare da takardar nan. Ya ce kada ka shuka, ka rataye inda hayaƙi zai riƙa taɓa shi. Na tambaye shi dalili, ya ce a da can ya san sama kamar yadda ya san matarsa, yanzu kuwa baƙuwa ce, ba zai damƙa mata duk abin da ubansa ya bar masa ba.

Ka gaishe da Celina, da Ben, da Jessica 'yar ƙarama. Mama da Baba suna gaishe ku. Ku taya mu addu'a, wata huɗu kawai muke roƙo.

Ni ce ƙanwarka,
Rebecca