Rigata Mai Ruwan Ɗorawa

Asabar, bayan isha'i



Da safe ni da abokaina muka yi zagayenmu na keke daga Unguwar Kanawa, muka tsaya wajen mai shayi a Hayin Banki. Ana ta hirar taya da hular kwano, sai na ce na gaji da tsohuwar rigata mai ruwan ɗorawa, baƙa zan koma sawa.

Alhaji Bala, dattijon cikinmu, ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Don Allah kada ka canza ta, Malam Nura. Idona ya yi rauni, ba na ganin ramukan titi. Rigarka nake bi. Inda ta kauce, nan nake kaucewa."

Innalillahi! Tun bayan azumi nake tsokanarsa wai ya manne wa tayata. Ko makon jiya sai da na ƙara wuta a hanyar Kawo don in bar shi a baya, ina dariya, manyan motoci na wucewa ta gefenmu.

Litinin zan kai shi asibitin ido, ko yana so ko ba ya so. Rigar kuwa na wanke ta, tana kan igiya.