Oddvar Ya Tare a Kicin

Litinin, 3 ga Maris

Injin Oddvar ya lalace. Wannan da ke juya katako yana sassaƙa kwanoni. Ya maƙale a gudu mafi sauri, ya cilla wani gungume ya fasa taga. Saura kaɗan ya sami kan mijin nawa, da ma ba gashi a kai da zai tare.

Laraba, 5 ga Maris

Ya tare a kicin. Tun aurenmu ɗakin aiki nasa ne, kicin nawa, shi ya sa har yau ba wanda ya kashe wani. Yanzu yana zaune a bayana yana kallon yadda nake fere dankali. Wai ina tafiya da tsoka da yawa a ɓawo.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya jera mini cokula bisa tsawo. Ya Ubangiji.

Asabar, 8 ga Maris

'Yarmu Solfrid ta zo. Ta ga tagar, ta ce Baba ya tsufa da wannan aikin, a sayar da injin kafin Ista, ya zauna ya huta tare da ni. Tare da ni! Na ce mata babu injin da za a sayar ina numfashi. Oddvar ya dube ni idonsa har da ƙwalla, ya zaci ƙauna ce. Ban gyara masa ba.

Litinin, 10 ga Maris

Na kora shi ya buɗe cikin injin. Ashe wasu faifan ƙarfe ne guda biyu, bel na bi ta tsakaninsu, su matso ko su ware, gudu ya canja. Shi kuwa shekara da shekaru gudu ɗaya yake amfani da shi, har faifan suka yi tsatsa suka manne. Ranar da ya ga dama ya ja sandar canja gudun da ƙarfi, ta tafi can ƙarshe ta ƙi dawowa. Na ce mai injin ma haka yake, gudu ɗaya tun yana saurayi. Ya yi kamar na'urar jin da ke kunnensa ta mutu.

Talata, 11 ga Maris

Ya kankare tsatsa, ya shafa giris. Ya ce sandar ba a taɓa ta sai injin na juyawa, kuma sai mutum biyu: ɗaya ya kunna yana lura da bel, ɗaya ya ja a hankali. Ya tsaya bakin kicin yana murza hula.

"Ragnhild, ko za ki ara mini hannu?"

Na shiga da rigar girki a jikina. Tsoro kamar me. Na ja, abin ya yi gurnani, sai kawai ya sauko yana juyawa sannu-sannu kamar tsohuwar kyanwa.

Laraba, 12 ga Maris

Kicina ya dawo hannuna. Na hargitsa cokulan da gangan.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya ce dole kullum a kai sandar sama a dawo da ita ƙasa, kar ta sake mannewa. Shi kaɗai ma zai iya yanzu. Na dai leƙa in tabbata bai manta ba. Ya sa gudun ƙasa, ya ba ni cizal, ƙarfen sassaƙar nan, ya riƙe mini gwiwar hannu. Na sassaƙa wani abu. Shi ya ce ɗan kofin ɗora dafaffen ƙwai ne, ni dai laimar kwaɗi na gani.

Litinin, 17 ga Maris

Solfrid ta buga waya ba ta same ni ba, ta taso hankali a tashe. Ta tarar da mu a ɗakin aiki, garin katako har cikin girata. Maganar sayarwa ba ta sake tasowa ba. Ta tambayi abin da za a ci, na tuna ban ɗora komai ba. Burodi da cuku muka ci a tsaye.

Kicin ɗin nan ya cika shiru, agogo kawai ake ji. Ba wani abu ba ne. Gobe zan kai kujerata can ɗakin aikin, hasken tagar ya fi kyau, kuma tsohon nan ba ya riƙe cizal daidai idan ba a sa masa ido ba.