Kilomita Ashirin da Uku na Baba

Selfoss, 9 ga Afrilu

Zuwa ga yayana Ketill,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ka a kan tekun Kanada, ya riƙa dawo da jirginku gaɓa lafiya duk fitar da kuka yi kamun kifi. Mu nan ƙalau muke. Tumakin Gwaggo Steinvor sun yi nauyi, haihuwa sai wata mai zuwa. Mijina Bergur yana nan a garejinsa, baki bai huta ba, hannu bai rabu da baƙin mai ba.

Yaya, zancen idon Mama ne ya sa na ɗauki biro. Likita ya ce ganin yana tafiya da sauri, da wuya ya kai tsakiyar shekara. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi tana son ta ga ɗan tafkin ruwan ɗumin nan na cikin duwatsu, wanda marigayi Baba ya kai ta kafin aurensu. Ka san hanyar tudu ba ta buɗewa sai Yuli, saboda dusar ƙanƙara. Idonta kuwa ba zai jira Yuli ba.

Don haka ka yi haƙuri, mun yanka jif ɗin Baba. Na san ranka zai sosu, ni ma da na ji ƙarar injin yanka a jikin ƙarfen nan sai da na fita waje na share hawaye. Bergur ya ɗaga ta sama, ya yanke ƙarfen da ke saman ƙafafun, ya saka mata tayoyi masu inci talatin da takwas. Da Mama ta zo gani, ta shafa tayar da ta kai mata ƙugu, ta ce wai Bergur ya mayar da motar mijinta ɗan maraƙi a kan ƙafar giwa. Shi kuma ya ce surukarsa ta kwantar da hankalinta, ai akwatin madara ya tanadar mata na takawa, in bai isa ba ya aro tsanin coci.

Ranar Asabar da hantsi muka tashi, da kofi a filas da busasshen kifi da man shanu. A aljihun gaban motar akwai ɗan littafin Baba, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa: daga tsohuwar gada kilomita ashirin da uku, sai a karya hagu. Inda kwalta ta ƙare Bergur ya sauka ya sace iskar tayoyin har suka baje. Daga nan fa motar ta daina nutsewa, ta hau kan dusar ƙanƙara tana lilo a hankali. Wallahi Yaya, ban san ko tafiya muke ba ko mafarki. Sama fari, ƙasa fari, babu inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara. Mama ta jingina kai da gilashi tana ba mu labarin yadda Baba ya manta tawul a wancan zuwan, suka goge jiki da rigar sanyinsa, ya dawo gida yana atishawa mako guda.

Agogon ƙidayar kilomita ya nuna ashirin da uku cif, muka karya hagu. Babu komai. Muka zaga, muka sake zagawa, fili fetal. Na fara tunanin ko tafkin ya ƙafe, ko kuma Baba ne ya yi kuskuren rubutu. Mama ta ce in kama bakina, mutumin da ke ƙirga ƙwayar sukari a kofi ba zai ɓata lissafi ba. Can sai Bergur ya dafe kai ya kira kansa da sakarai. Ashe babbar taya juyi ɗaya take ta ci ƙasa fiye da ƙarama, agogon kuwa har yanzu da ƙananan tayoyin zamanin Baba yake lissafi. Mun wuce wurin da kusan kilomita biyar. Shekara talatin yana wannan aiki, ya manta ya gyara agogo! Na ce masa in mun koma gida zai ji sauran.

Muka juyo muna bin sawunmu, sai hazo ya sauko, ko hancin motar ba ma gani. Bergur ya yi ƙasa da murya ya ce mini in bai washe ba cikin rabin awa dole mu koma. Na kasa duban Mama. Ita kuwa sai ta sauke gilashi, sanyi ya shigo kamar mari, ta rufe ido ta ɗaga hanci. Ta ce wa Bergur ya karkata dama kaɗan. Ya yi. Ta ce ya yi a hankali, wannan ɗan ba ya jin magana. Jim kaɗan mu ma muka jiyo shi, warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke yi. Ban taɓa jin ƙamshin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Yaya, tafkin da muka girma muna jin labarinsa bai fi bahon wanka biyu ba. Tururi na tashi daga cikinsa sannu sannu, gefensa dusar ta narke, gansakuka ta kewaye shi. Muka sauko da Mama, na cire mata safa, ta tsoma ƙafafunta. Ta ƙura wa gefen tafkin ido, har na ɗauka ba ta ga komai ba, zuciyata ta karye. Sai ta nuna da yatsa ta ce, kore ne, kore shar, daidai yadda ta bar shi. Bergur mai surutu ya juya baya wai yana duba taya.

A hanyar dawowa na tambaye ta ko hankalinta ya kwanta. Ta ce saura abu ɗaya. Shekara shida ba ta ga fuskarka ba sai a waya, wayar ma yanzu inuwa kawai take nuna mata. Ta ce in gaya maka in ka makara ba komai, za ta gane ka da ƙarnin kifi, amma ta fi son ta ga furfurar da aka ce ka yi. Ta faɗa tana dariya, ni ban yi dariyar ba. Kada ka jira hutun Agusta, Yaya. Ka zo a Mayu.

Ka gaishe mini da matarka Joanne, da yaranku Tumi da Salka. Gwaggo Steinvor da Bergur suna gaisuwa. Mama tana zaune kusa da ni, ta sa na karanta mata layin Mayu sau biyu, don ta tabbata na rubuta shi.

Ƙanwarka mai kewarka,
Oddny