Jikata Ta Hana Ni Yi Mata Kirari

Jikata Zimkhitha ta zama shugabar tsangayar kimiyya a jami'a! Af, ban ma gaishe ki ba, Mama Nokwanda. Ki yi haƙuri, ki kuma taimake ni, don murnar ta zo da ƙaya.

Ni sai da furfura ta fito mini na koyi karatu, a ajin yamma na ma'aikatan haƙar ma'adinai a Rustenburg. To ki duba, jinina ne yau a kan wannan kujera. A al'adarmu, idan ɗa ya ɗaukaka, babba a gida kan miƙe ya jero masa kirarin zuri'a, mata su rangaɗa guɗa. Na yi mako ina bitar namu a bakin garken shanu, don ranar da za a naɗa ta a babban zauren jami'a.

Da ta zo gida Cofimvaba na faɗa mata. Ta ajiye cokali, ta roƙe ni kada in yi. Wai tun yanzu ana raɗa cewa baƙar fatarta ce ta ba ta kujerar. Wai a taro ana kiran maza Farfesa, ita kuwa da sunanta tsirara. Idan ta kawo shawara sai shiru, sai wani namiji ya maimaita a yaba masa. Kowace rigimar ɗalibai baƙaƙen fata ofishinta ake turawa, ko ba ta tsangayarta ba ce. Ta ce idan na miƙe da bargona na gargajiya da sandata, shekara za su yi suna dariya a bayanta. Kafin in amsa barci ya kwashe ta a zaune, takalmi a ƙafa, dafaffiyar masara da waken da take so ko rabi ba ta ci ba.

Kunyata take ji, Mama? In je in zauna kamar baƙo? Ni dai na riga na gayyaci ƙauye, ke ma ki zo ki gani.

Kakan Farfesa, Cofimvaba

Baba, barka da arziki. Gaskiyarka: kirarin nan hakkinta ne, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Na ga zauruka da dama da guɗar iyaye ta cika su, rufin bai faɗo ba. Shirunka ma ba zai rufe bakin masu raɗa ba.

Amma kai bayan biki gida za ka koma. Ita ce za ta shiga taro da mutanen nan ranar Litinin. Ba kunyarka take ji ba, gajiya ce. Macen da kowa ke yanke wa hukunci a wurin aiki, kada ta zo gida ta tarar da wani.

Ka faɗa mata zaɓin nata ne, kuma kada ka ɗaure fuska in ta tsaya a kan bakanta. Ka tambaye ta ko tana da mata irinta a wasu jami'o'i da take sauke wa kaya. In babu, ta nema. Mutanen ƙauye kuma ka tara su a bakin garke, inda kakanni suka fi ji.

Da safiyar naɗin, kafin ta shiga mota, ka riƙe hannunta ka jero mata kirarin a hankali, ita kaɗai. Ta shiga zauren da shi a kunne. Allah ya ba ta juriya, ya bar mata kai.

Mama Nokwanda