Kwalba a Kife

Franschhoek, Nuwamba

Zuwa ga Berenice,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan. Tunda kin toshe lambata, dole na koma ga biro da takarda kamar kakanninmu.

Ba zan ja zance ba. Gidan Paarl na bar miki, da kujerun, har da karen. Abu biyu kawai nake so: takobina na fille bakin kwalba, da kwalbar giyar nan da ta rage a gareji. Kin san goma sha biyu muka cika a gonar inabin Oom Sarel shekarar da muka yi aure, muna buɗe ɗaya duk ranar da auren ya zagayo. Ta ƙarshen ce ta rage, kuma giya irin wannan ba a barinta a hannun wanda bai san darajarta ba.

Kada ki ji haushi, Bernie, amma gaskiya ɗaya ce: ni ne mai hancin gane giya. Kafin ki haɗu da ni, giyar inabi mai kumfa da lemon kwalba duk ɗaya suke a bakinki. Har shampen kike ce mata a gaban mutane, sai na taɓa ki na ce Kap Klasik sunanta, tamu ce ta Cape. Ki ba yayata Hettie, za ta aiko min.

Ki huta lafiya,
Lionel Plaatjies

Paarl, Nuwamba

Malam Mai Hanci,

Gaisuwarka ta iso, na amsa. Karen ma yana gaishe ka, ko da yake bai tambaye ka ba.

Har da sa hannu da cikakken suna, sai ka ce takardar kotu! Lionel, ni za ka yi wa burga? Shekara goma sha ɗaya ina zaune kusa da kai duk Asabar, daga wannan gonar inabi zuwa waccan, ina kallonka kana cusa hanci a kofi har gilashinka ya yi gumi. Sai ka lumshe ido kana jira. Ni kuma in ce ƙasa-ƙasa, "Kamar tuffa da gasasshen burodi." Sai ka buɗe ido ka sanar wa duniya, "Tuffa! Da gasasshen burodi!" a tafa maka. Ranar da mura ta kama ni a Robertson na kasa jin komai, ka tuna me ka ce wa mai gonar? "Tana da… ruwa-ruwa." Giya fa! Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Hancin da ka yi wata biyu kana yawo da mataccen ɓera a but ɗin mota bai ji ba, shi ne yau ake yi min gori da shi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Takobinka yana bayan ƙofa inda ka jingine shi, ya fara tsatsa. A zo a ɗauka. Kwalba kuwa ba ta fita gidan nan. Ta mutum biyu ce, kuma ranarta sha huɗu ga Disamba. Wanda yake son rabonsa ya san hanyar gidan, bai yi wata huɗu da barinsa ba.

Sai anjima,
Berenice

Wellington, Nuwamba

Ƙanwata Bernie,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Ya gida, ya ƙafar Mamanki?

Kin san ni ban taɓa gane wannan harkar taku ta ɗanɗanon giya ba. Mutum ya sa kayan coci, ya tuƙa mota ya tsallake dutse, don kawai ya kurɓi abu ya tofar a bokiti! A gidanmu wanda ya yi tofi a gaban baƙi mari yake sha. Amma na ce to, tunda tare suke haukan, Allah ya bar su.

Na karanta abin da kika rubuta wa Lionel, shi ya nuna min yana huci. Duk zagin na wuce shi, layin ƙarshe na tsaya a kai. Jiransa kike yi, yarinya, kada ki musa min. Shi ya sa ba zan ɓoye miki ba, ko da ciki ɗaya muka fito da shi. Ba don ya ajiye yake son kwalbar ba. Baiko zai yi da Chanté, yarinyar nan mai zuba giya a wurin ɗanɗano, wadda in ta yi dariya sai an ga dasashinta. A gaban 'yan kulob ɗinku na masu ɗanɗano za a yi, a lambun wani otal a Franschhoek. Kuma ranar da ya zaɓa, Bernie, sha huɗu ga Disamba ce. Na ce masa, "Boetie ƙanena, ba ka da kunya?" Ya ce wai ranar ce kaɗai wurin babu kowa.

Autan Mamma kenan. Tun yana ƙarami sai an ɓare masa lemo a sa masa a hannu, sannan ya fita yana cewa shi ya tsinko.

Ni ce yayarki,
Hettie

Paarl, Disamba

Yaya Hettie,

Na gaishe ki, na kuma gode. Ƙafar Mama da sauƙi.

Ba zan musa ba. Na sayi kifin snuk na sa a firij, na wanke kofuna biyun nan masu dogon wuya. Da na gama karanta takardarki na zauna a gareji na yi kukana, ya ishe ni.

Ga takobin, ga kwalbar. Za ki gan ta a kife cikin bokiti, bakinta ƙasa, na kewaye ta da tawul. A haka za ta isa hannunsa, don Allah kada kowa ya miƙar da ita. Ki faɗa masa da bakinki: akwai aikin da ake yi mata kafin a sha, kuma in ya kawo ta gida zan yi masa, ko da kuwa da waccan zai sha. Ba don shi ba. Shekara goma sha biyu giyar nan tana jira, ba ta yi wa kowa laifi ba.

Taki,
Bernie

Franschhoek, Disamba

Berenice,

Gaisuwa a taƙaice. Wane irin raini ne wannan? A kawo min giya a bokiti kanta a ƙasa kamar kazar da za a kai kasuwa! Na ciro ta na goge ta na tsayar da ita a kan kanta kamar kowace kwalbar mutunci.

Sannan ina toshiyarta? Duk waɗanda muka sha da toshiya da waya suke. Wannan murfin ƙarfe ne a bakinta irin na lemo. In musanya kika yi, ki sani hancina zai gaya min. Batun wai in kawo miki ki yi mata "aiki" kuwa, na gane dabarar, ba zan zo ba. Ba ke za ki koya min giya ba.

Lionel

Paarl, Disamba

Lionel,

Ina gajiya. Ita ce, ban musanya ba. Tunda ka miƙar da ita, shi ke nan. Ka wasa takobinka.

Berenice

Wellington, Disamba

Ƙanwata Bernie,

Gaisuwa da fatan alheri. Nemi kujera ki zauna.

Na je. Na ce ba za a yi abin kunyar gidanmu a ba ni labari ba. Rana kamar ta dafa mutum, shi kuwa ya sha farar kwat, ya taho da kwalbar a kujerar mota tana gangarawa tun daga gida. Ya tara mutane ya yi musu lacca a kan yadda shi da hannunsa ya raini giyar nan. Wani dattijo cikin 'yan kulob ya leƙa kwalbar ya ce, "Lionel, wannan an fitar mata da laka kuwa?" Ya ce, "Wace laka?" Sai na ga sun fara kallon juna, matan suna ja da baya da kofunansu.

Chanté ce kaɗai ta matso, da farar riga, tana riƙe da waya tana ɗauka. Ita da take zuba giya kullum! Ashe ita ma zubawar kawai ta iya. Ya ɗaga takobi ya ce, "Don ke, masoyiyata," ya zuge bakin kwalbar.

Wayyo Bernie! Abin ya yi tsiri kamar famfon da ya fashe, kuma ba ruwan zinariyar da kuke sha ba, wani abu ne mai kauri kalar ruwan wanke-wanke. Daga gashinta har takalmi. Wurin ya ɗau tsamin ƙullin burodi. Abin da ya rage a gindin kwalbar bai kai rabin kofi ba, ya zuba don borin kunya, ya cusa hanci, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka, sannan na ga ya ɗan karkata kansa hagu, inda kika saba zama. Babu kowa a wurin sai tukunyar fulawa.

Dattijon nan ne ya yi min bayani a bakin mota, wai ke ce kike juya kwalaben a kife cikin wani katako mai ramuka kaɗan-kaɗan har lakar yis ta taru a wuya, duk shekara ki kai ɗaya wurin Oom Sarel a daskarar da wuyan a fitar da ita a sa toshiya. Ya ce kowa a kulob ya sani. Na ce banda mutum ɗaya.

Yarinyar ta shiga tasi tana kuka. Zoben yana aljihunsa har yanzu. An yi wa mai dami ɗaya sata.

Yayarki,
Hettie

Wellington, Disamba

Bernie tawa,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Ina ɗakin baƙi a gidan Yaya. Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba? Na yi waya da Oom Sarel, ya ce zai bar mu mu cika wasu goma sha biyun bayan an tsinke inabi. Mu sake daga farko. Wannan karon ki nuna min yadda ake juyawar.

Mijinki,
Lionel

Paarl, Disamba

Lionel,

Na amsa gaisuwa. Duk shekara a gabanka nake wucewa da bokitin, kana goge takobi. Ba ka taɓa tambayar me ke ciki ba.

Ranar sha huɗu na gasa kifin, ni da Mama muka cinye. Katakon kwalaben na faskara na hura wutar da shi, kuma ya ci da kyau.

Ka gaishe da Yaya Hettie.

Berenice Fortuin