Juma'ar da Na Ɓoye Maka Nura

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni Iro, Sarkin Baburan Ƙofar Guga, zakin titi, wanda in ya danna oda har mutanen GRA sai sun leƙo ta taga, zuwa ga jama'ar lahira baki ɗaya, malamai da 'yan kasuwa, tsohhi da jarirai, na bakin ƙohwa da na can jikin katanga. Allah ya jiƙanku duka, ya sa kun huta. To ku ɗan matsa, da bawana Lawal nike magana, ɗan Goggo Hure, taubashina, tela, wanda na raɗa ma suna Jirgi saboda in ya taso daga shago da hantsi yana jan ƙahwar nan tashi, sai azahar ta riske shi bai kai masallaci ba.

Lawal, na san ba karantawa zaka yi ba. Ko kana raye ma cewa kake rubutuna kamar tsutsa ta sha tawada ta bi ta kan takarda. Aji ukku na yi a firamare, amma duk ajin babu wanda ya kai ni murya, sai ka yi haƙuri da abin da ya samu.

Bari in baka labarin gida. Soja sun koma bariki, farar hula sun hau. Kai kuwa ka tahi saura kaɗan, baka gani ba. Tunda nike da kai wannan ne karo na farko da ka riga wani isa wani wuri. Kuma in gaya maka gaskiya, mulkin nan ni na kawo shi. Wata biyu ina gaban motar kamfen ina ihu har muryata ta dishe, da ɗan takararmu ya ci sai ya bani babur sabo dal, ja, da ledarshi. Na kai tsohon baburina mai tarin nan wajen 'yan gwangwan. Garin duk fasta ce, har jikin shagonka sun liƙa ukku, wani a kan wani. Matarka Hajara ta gama takaba, tana nan cikin gida bata tahi ko'ina ba. Kekenka na ɗinki an lulluɓe da zane. Zainabunka ta yi giɓi, Sadi kuma ya hwara magana, kuma kalmarshi ta farko da na ji da kunnena ita ce a'a, ni ya gaya mawa.

To ga abin da yasa na ɗauki biro.

Ka san al'adarka. Duk Juma'a in an sauko, an ci abinci, la'asar ta yi, sai ka rufe shago ka bi gida gida kana kiran yara. Naka biyu, da Nurana, da 'yan maƙwabta ukku ko huɗu. Ku hita yawo. Ni ina zaune bisa babur a bakin titi ina maku dariya, ina cewa ga agwagwa da ɗiyanta. Da ka rasu sai Juma'a ta zama yara na rakuɓe a zaure kamar an yi masu duka. Nace wannan ai ƙaramin aiki ne. Abin da Jirgi ya yi da ƙahwa ɗaya da rabi, ni mai sabon babur zai gagara?

Na ɗora biyar. Sadi bisa tanki, ukku a baya, ɗaya a cinyar Zainabu. Nura yace ba zai je ba, na ɗauko shi da ƙarhi na dasa. Lawal, da ka ga gudu! Daga Ƙofar Guga na ratsa gari na hita Ƙofar Ƙaura, na zagaya GRA na nuna masu gidajen manya da bishiyoyin da anka yi ma farin fenti, na tsaya na sai ma kowa askirim mai sanda. Kai ka taɓa sai masu askirim? Kai da goruba ce iyakarka? Kahin rabin awa mun ga Katsina kaf mun dawo. Na sauke su ina jiran tahi da godiya.

Zainabu ta dube ni tace wai yaushe za a hita yawon.

Tun daga nan na shiga ukku da sunanka. Baba Lawal ba haka yake ba. Baba Lawal yana tsayawa wajen maƙera a ga tartsatsi. Baba Lawal yana bari a tsuguna bakin kududduhi a kalli talibambam har sai sun gaji don kansu. Baba Lawal ya san ƙadangaren da ke ramin masallacin unguwa, wai har suna gare shi. Ƙadangare, Lawal! Ni da na taɓa kai ɗan majalisa tasha a bayana, yau an hihita mani mai hira da ƙadangare. Wai kuma a yawonka ƙaramin cikinsu shi ne jagora, duk inda ya nuna da yatsa can za a bi, ko da lungun da ba ya ɓullewa ne. Wane irin shugabanci ne wannan? Ashe kai ka riga kowa kawo mulkin farar hula.

Ina jin haushinka. Na hwaɗa. Kana kwance cikin ƙasa ina bisa babur amma kai ake so. Da mai rai ne sai in tare shi a majalisa in yi mashi tsiya har ya gudu. Kai ta ina zan kama ka? Kullum ƙara kyau kake a bakinsu, baka ƙara yin laihi, baka hushi, baka warin rana. Ni kuwa ko atishawa na yi sai ace taka ta hi daɗi.

Kuma ba yau na hwara ba. Ka zauna da kyau, ko da yake kwance kake.

Ka tuna Juma'arka ta ƙarshe da ka hita da su? Ka zo ƙohwar gidanmu ka yi kiran nan naka, na hito nace maka Nura zazzaɓi yake, an lulluɓe shi. Ƙarya nike. Lahiyarshi lau, har ya sa takalmi tun kahin a sauko Juma'a. Da safen ranar na kawo mashi motar roba mai batir daga Kano, da na wuni ina zaɓe. Ya karɓa, ko kallona bai yi ba, ya ruga shagonka don kai ka hwara gani. Ina tsaye a tsakar gida da kwalin a hannu kamar wani ɗan aike. Da ya dawo uwarshi ta tambaye shi cikin wasa wa ya hi so, ni ko kai, yaron nan ko tunani bai yi ba. Uwar ta yi dariya, ni ma na yi, har na hi ta. Amma da la'asar na aike shi ɗakin Inna kakarshi can ƙurya ya tsince mata tsakuwar shinkahwa, na tsaya a zaure ina gadinka.

Da ka wuce na shiga nace mashi Baba Lawal ya tahi da sauran, yace yau ban da kai. Bai yi kuka ba. Ya cire takalman ya jera su a bakin ƙohwa.

Da magariba sai ga ka ka dawo, ka ja ƙahwar nan har gidanmu bayan duk gajiyar yawo, ka zaro goruba ɗaya daga aljihu kace a ba mara lahiya, ka zaɓo mashi mai zaƙi. Har ka yi mashi addu'a a tsaye. Lawal, ni na cinye gorubar. A bayan gida na tsaya na gwigwiye ta tas na jehwa ƙwallon bisa rufi. Kuma wallahi mai zaƙi ce, ka iya zaɓe.

Nace ai Juma'a ɗaya ce, ta gaba sai ku shirya. Wa ya gaya mani ranar Litinin zaka kwanta, Alhamis mu ɗauke ka? Me yasa baka jira ba? Kai da duk duniya kake sa wa jira?

Wata biyar yaron nan yana yawo da maganata a cikinshi. Ashe shi yasa baya son hita. Uwarshi ce ta ji shi yana gaya ma Zainabu wai Baba Lawal ya mutu yana hushi da shi, kuma shi bai san me ya yi ba, ko don ya taɓa taka maka almakashi ne. Ta zo ta gaya mani tana hawaye, tana cewa ita ta kasa gane yadda Lawal mai son yara zai ware ɗa ɗaya. Na yi shiru. Ni Iro, da ko liman sai ya roƙe ni in yi shiru a ɗaurin aure.

Alhamis ɗin da ta wuce ina wankin babur a ƙohwar gida na kira shi ya riƙe mani bokiti. Ina goge taya, ban dube shi ba, na gaya mashi duka. Nace Baba Lawal ya zo ya kira ka, ni na ɓoye ka, ni na yi ƙarya, kuma ya dawo da dare ya kawo maka tsaraba. Na zata zai tambaye ni dalili, har na tanadi jawabi. Abu ɗaya ya tambaya, wai mece ce tsarabar. Nace goruba. Yace ina take. Nace na cinye. Ya aje bokitin a hankali, ko ɗigo bai zubar ba, ya shige gida. Ranar ko tsiren da na kawo bai taɓa ba. Uwarshi ma tun daga ranar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Jiya Juma'a na jingine babur a zaure na rufe da buhu. Na bi gida gida a ƙasa ina kiran yara, 'yan majalisarmu ta bakin titi na tambayata ko an ƙwace baburin ne tun ba a yi nisa ba. Ban kira Nura ba, kunya ta hana ni. Sai gashi ya hito da takalmanshi. Bai kama hannuna ba, na Zainabu ya kama. Na sa Sadi gaba. Lawal, ɗanka azzalumin jagora ne. Ya kai mu lungu ukku da basu ɓullewa, ya tsaida mu kallon akuya tana cin fasta, mun yi wajen maƙera, mun yi kududduhi har ƙahwata ta yi sanyi da tsugunno. Na gaida ƙadangarenka ma, ya ɗaga mani kai sau biyu, na ga alamar ya san manya.

Sai munka iso gindin ganuwar gari, wajen da ta zube ta yi kamar dakali. Ba wanda ya sa su, sai na ga sun hau sun jeru, sun tanƙwashe ƙahwa, duk sun zuba mani ido. Nace mene ne? Na basu labarin yadda na tsere ma ɗan sanda a shataletale, babu wanda ya motsa. Na yi masu waƙar kamfen. Na yi kukan jaki, wanda ka san duk Katsina babu na biyuna. Sadi kaɗai ya yi dariya, Zainabu ta harare shi ya haɗiye. Na roƙe ta ta gaya mani me kake yi masu a nan, tace kai kace ba a gaya ma manya. Na ce ai ni ba babba bane, kowa ya shaida. Ta ƙi.

Munka zauna haka nan har rana ta yi ja. A hanyar dawowa Nura ya gaji, ya tsaya a gabana ya ɗaga hannu biyu ba tare da ya dube ni ba. Na saɓa shi a wuya. Tun ranar sunanshi ban ji nauyin da ya yi mani daɗi haka ba. Muna gab da gida ya sunkuyo wajen kunnena yace zai sake biyo ni Juma'a mai zuwa, sau ɗaya, ya ga ko na iya na ganuwa.

To ka ji inda nike. Na tambayi Hajara bata sani ba. Na tambayi maƙera sunce su dai suna ganin wucewarku. Mai goruba yace daga nesa yake hango ku, wani lokaci dariya, wani lokaci tsit.

Saboda haka Lawal, ba da wasa ba, ka aiko mani da shi. Ban ce ka yahe mani ba tukuna, wannan sai mun haɗu, na san zaka ja mani rai. Abin ganuwar nan kaɗai nike so. Tatsuniya ce? Addu'a ce? Wani wasa ne da tsakuwa? Ko a mahwarki ne ka zo, ina yin barcin rana bayan azahar a bencin mai facin taya, nan zaka same ni. In an hana ku hita ka ba wani saƙo. Ni dai ka taso da wuri, na san tahiyarka, kuma kwana shidda ya rage mani.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sa iyakar wahalarka kenan.

Ni ne ubangidanka, mai jira,
Iro uban Nura, Ƙofar Guga